Wanda Wuta Ta Kashe Ba Ya Zuwa Ba da Shaida

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala yana ƙorafi a kan abin da ya kira tsoratar da jama'a da ake yi game da wutar lantarki. Rubutu ne mai daɗin karatu, akwai raha, akwai tausayin talaka, kuma da gani ka san mai shi ɗan unguwa ne, ba daga ofis mai sanyi ya hango ta ba. Wannan daɗin ne ma ya sa na ga bai kamata a bar maganar ta wuce haka nan ba, domin zancen da aka tsara da gwaninta ya fi saurin shiga kunne, ko da ba daidai ba ne.

Ga abin da ya ce, gwargwadon fahimtata, kuma ina fata ban tauye masa komai ba. A ganinsa, ɗan jan da wuta ke yi wa mutum ta sake shi nan take ba abin tayar da hankali ba ne. Kusan duk wanda ya tashi a gidan da ke da lantarki wuta ta taɓa jansa, ko a jikin firji, ko dutsen guga, ko wajen sa ƙwan lantarki, ga mu nan kuma da ranmu. Masu wayarin ma, in ji shi, sun saba da ita har suna gwada waya da bayan yatsa, kuma sun tsufa a sana'ar. Wutar da ke kisa ita ce ta manyan wayoyin da ke bisa turaku, ba 'yar wannan ta gida ba, wadda sau da yawa ko fanka ba ta iya juyawa. Na'urorin kariya da ake ta kiran a sa kuwa kayan ƙasashen da suka ƙoshi ne, mu fis ya ishe mu. Wanda wuta ta ja a ba shi madara ya kwanta ya huta, kada a tura shi asibiti a tatse ɗan abin da ke aljihunsa. Ya rufe da cewa ajali ba ya wuce lokacinsa.

Akwai wuraren da muka haɗu da shi, kuma ba zan ɓoye su ba. Gaskiya ne mafi yawan waɗanda wutar gida ta ja ta saki ba sa samun wata illa. Gaskiya ne babbar waya ta fi muni nesa ba kusa ba. Ba mu manta da abin da ya faru a Kalaba a watan Afrilun 2017 ba, lokacin da babbar waya ta tsinke ta faɗa kan rufin kwanon wani gidan kallon ƙwallo ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, aka rasa rayuka. Har ma akwai jan da ni kaina zan ce kada kowa ya damu da shi: wanda ƙofar mota ko hannun ƙofa ke yi maka da hunturu idan iska ta bushe. Wannan ƙarfinsa yakan kai bolt dubbai, amma 'yar wutar da ta taru ce a jikinka da tufafinka, ta fita gaba ɗaya kafin ka ƙifta ido, babu tashar da ke bayanta tana ƙara turo wata. Soket ɗin ɗakinka kuwa bayansa akwai taransifoma, bayan taransifoma akwai tashoshin wuta na Kainji da Shiroro. Haɗa waɗannan biyun a kwando ɗaya shi ne tushen kuskuren maƙalar.

To, mu duba shaidun da ya kira. Ya ce dukkanmu wuta ta ja mu, ga mu a raye. Su wa ya tambaya? Waɗanda ke raye. Ina waɗanda ba ta saki ba? Ina yarinyar da aka tarar kwance kusa da bokiti da hita a ciki, ko yaron shagon walda da ya dafa ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu? Ba a gayyace su majalisar da aka yi wannan ƙidaya ba, kuma ko an gayyace su ba za su zo ba. Da irin wannan lissafi kowa zai iya tabbatar da cewa gudun wuce sa'a a hanyar Kano zuwa Zariya ba ya kisa, ya shiga tasha ya tambayi direbobin da suka iso lafiya. Shaidar waɗanda suka tsira tana gaya mana cewa ana tsira. Ba ta gaya mana dalilin tsirar ba, kuma dalilin shi ne abin da mai karatu yake bukata.

Abin da ke kashe mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, da hanyar da ta bi, da tsawon lokacin da ta ɗauka. Da amfiya ake auna gudanar wuta, amma jikin ɗan'adam bai kai a yi masa awo da amfiya guda ba, sai an raba ta gida dubu, a kira kowane kashi miliamfiya. A kusan miliamfiya 1 mutum ke fara jin ɗan cizo a fata. A shekarun 1940 wani farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Charles Dalziel, ya yi gwaji da masu sa kai maza da mata: mutum ya riƙe waya, ana ƙara wutar sannu a hankali, har a kai inda zai so ya saki amma hannu ya ƙi. Ya samu cewa wannan iyaka tana kusa da miliamfiya 16 ga maza, kusa da 10 ga mata. Ta yara ba ta kai haka ba. Dalili kuwa, wutar da ake ba mu a Najeriya da Nijar mai kai-komo ce, sau 50 take zagayowa a daƙiƙa guda, kuma irin wannan kai-komon yana ƙanƙame tsoka. Tsokar da ke dunƙule hannu ta fi mai buɗe shi ƙarfi, saboda haka idan wuta ta shiga ta tafin hannu, hannun damƙe wayar yake ƙara yi. Mai shi yana gani, yana ji, hankalinsa na ce masa saki, yatsu ba sa amsawa.

Nan ne nake son Malam marubucin ya tsaya ya amsa mini. Da ya ce wuta ta ja shi ta saki, wa ya yanke cewa jan zai zama gajere? Shi ne? Wutar ce ta ji tausayinsa? Ko kuwa ya yi katari ne da kan yatsa ya taɓa ba da tafi ba, jikinsa ya zabura baya maimakon gaba, ƙafarsa na cikin takalmin roba, daɓen kuma a bushe? Gajartar jan ba halin wutar ba ce. Yanayin da mutum yake ciki ne a wannan lokacin, kuma yanayi yana sauyawa tsakanin safe da yamma.

Ko gajeren ma bai da tabbas. Zuciya da 'yar wutarta take aiki, ita ke tsara mata bugu. A cikin kowane bugu akwai ɗan taƙi, lokacin da zuciya ke komawa ta shirya wa na gaba, wanda idan baƙuwar wuta ta same ta a cikinsa sai tsarin ya wargaje. Maimakon ta matse ta tura jini, sai ta koma karkarwa kawai. Jini ya tsaya, cikin daƙiƙu mutum ya faɗi, cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa, sau da yawa ko tabon ƙuna ba za a gani a jikinsa ba. Zuciyar baligi a zaune takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, ke nan wannan taƙin yana zagayowa kusan kowace daƙiƙa. Ƙa'idojin hukumar lantarki ta duniya, IEC, sun nuna cewa wutar da ta shiga ta hannu ta fita ta ƙafa, idan ta kai kimanin miliamfiya 50 ta kuma ɗauki daƙiƙa guda, an fara shiga haɗarin wannan karkarwa. Daƙiƙa guda! Idan wannan ba gajeren lokaci ba ne, ban san abin da Malam yake kira gajere ba.

Mu yi ɗan lissafin da ɗan sakandare zai iya. Wutar gida bolt 230 ce. Busasshiyar fata mai kauri tana tare wuta sosai, amma jiƙaƙƙen jiki, ko mai gumi, ko mai yanka a hannu, tarewarsa takan sauko zuwa kusan om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka sami miliamfiya 230. Ya ninka abin da ke hana hannu saki fiye da sau goma, ya ninka inda haɗarin zuciya ke farawa fiye da sau huɗu. Kuma duk da haka bai kai abin da tsohon ƙwai mai wat 60 ke sha ba.

Yanzu a ɗauko firjin nan da marubucin ya yi raha da shi, wanda kowa a gida ya san yana ja. Maigida ya dawo daga kasuwa da takalmi a ƙafa, ya taɓa, ya ji ɗan cizo, ya yi tsaki ya wuce. Me firjin ya gaya masa? Ya gaya masa cewa wataƙila wayar da ke ɗauke da wuta ta sami hanyar zuwa jikin ƙarfen, kuma babu wayar at da za ta kwashe ta zuwa ƙasa, ko akwai amma ta tsinke, ko tun farko mai wayarin bai haɗa ta da komai ba. Firjin nan dai shi ne 'yarsa za ta buɗe gobe bayan ta gama goge tsakar ɗaki, ba takalmi, ƙafa a kan jiƙaƙƙen siminti. Shi ne matarsa za ta dafa da hannun da ta tsamo daga ruwan wanke-wanke. Shi kansa maigidan sau biyar a rana yake fitowa daga alwala hannu da ƙafa a jiƙe, kuma sau nawa yake miƙa hannu ya kunna fanka ko ya zare caja kafin ya shimfiɗa darduma? Ga zafin Maris da Afrilu da ke sa gumi ya wanke mutum yana zaune, ga damina da ke jiƙa bango da soket. Na yarda akwai kayan da ke ɗan cizo ba tare da sun lalace ba, kamar wasu kwamfutoci idan soket ba shi da at. Amma wanda bai da abin awo ba zai iya bambance wannan da wancan da fatarsa ba, kuma ranar da zai bambance ta yiwu ita ce ranar da ba zai ba da labari ba.

Sai maganar sabo. Wannan ita ce ta fi yaɗuwa a tsakanin masu sana'a, kuma akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikinta. Hannun da ya shekara yana murɗa waya yakan yi kanta, kanta kuwa tana tare wuta fiye da fata mai laushi. Mutum kuma yana iya sabawa da zafin har ya daina zabura. Iyakar sabon ke nan. Zuciya ba ta yin kanta. Babu wani horo da zai sa zuciyar mai wayarin ta jure abin da zai tsayar da ta tela. Abin da ya tsare dattawan da Malam yake misali da su shi ne busasshen tsani na katako, da takalmin roba, da filaya mai rufi a hannu, da dabarar da wasunsu suka koya ta aiki da hannu ɗaya don kada wuta ta ratsa ƙirji. Da zai zauna da su ya tambaye su abokan aikinsu nawa suka raka makwanci, da hirar ta sauya launi. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaron da ke koyon sana'a, wanda ya ga maigidansa yana taɓa waya da yatsa, ya ɗauka jarumtar ke nan, ya je ya gwada a banɗaki da silifas mai huda. Akwai kuma abin da ba a lissafawa: jan da bai taɓa zuciya ba yana iya wurgo mutum daga kan tsani ko rufi. Wutar ta sake shi, siminti ya karɓe shi. A bakin mutane faɗuwa ce ta kashe shi, sai wuta ta fita da sunanta fes.

Hujjar cewa wutarmu ba ta da ƙarfi ta ba ni dariya, na kuma san daga inda ta fito, domin duk wanda ya zauna yana kallon ƙwai ja-ja kamar zai mutu ya san takaicin. Amma a Amurka bolt 120 ake ba gidaje, kusan rabin namu, kuma can ma tana kashe mutane. Masana ba sa ɗaukar wuta mai kai-komo a matsayin wadda za a iya taɓawa sai ta yi ƙasa da bolt 50, a busasshen wuri ma ke nan. Wutar da ta gaza tayar da firji ba ta gaza tsayar da zuciya ba. Hasali ma rashin tsayuwar wutarmu ƙarin haɗari ne. Mutum nawa ne suka ce bari in gyara kafin NEPA su kawo, suka kama waya da hannu ba tare da sun sauke bireka ba? Kamfanin wuta ba ya aiko da sallama kafin ya dawo da ita. Ga kuma maƙwabcin da ya jona janareto kai tsaye a soket ba tare da canjoba ba, wutarsa ta bi waya ta fita waje. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba: yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa na gida, haka za ta ɗaga na gida zuwa dubbai idan aka turo mata ta baya, ma'aikacin da ke bisa turke yana ganin layi a kashe yake. Yanzu kuma ga sola da inbata sun cika gidaje. An ɗauke wuta a unguwa, amma soket ɗin gidanka na nan da bolt 230, faifan da ke kan rufi kuma muddin rana na dukansa yana fitar da wuta ko ka kashe komai a ƙasa. A irin wannan gari, cewa babu wuta ba hujja ba ce sai an gwada, kuma tastar ma sai an fara gwada ta a inda aka san akwai wuta.

Fis ya ishe mu, in ji Malam. Ya ishe mu me? Fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku yawanci na amfiya 13 ne, wato miliamfiya 13,000. Mun ga cewa 230 ta isa ta kai mutum lahira. Wutar za ta ratsa shi har ta gama abin da za ta yi, fis yana zaune lafiya bai san ana yi ba, domin ba don mutum aka yi shi ba. Aikinsa shi ne hana waya yin zafi ta tayar da gobara. Haka ma ƙaramar birekar da ke jikin allo. Wannan ma idan fis ɗin na nan ke nan, ba a maye gurbinsa da zaren waya ba, ba a kuma yanke filogin an cusa tsirarun wayoyi a soket an tokare da tsinken ashana ba.

Abin da aka yi don mutum shi ne na'urar da masu wayarin ke kira ELCB ko RCD. Aikinta ɗaya ne: tana gwada wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. Idan ta ga giɓi, ta san wani kashi ya bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke. Wadda ake sa wa gidaje tana yankewa idan giɓin ya kai miliamfiya 30, cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba, kuma idan wutar ta yi yawa ta fi haka sauri ƙwarai. Marubucin ya kira ta kayan ƙasashen da suka ƙoshi. To, ɗaya daga cikin na farko-farkon irinta mai saurin ji a nahiyarmu aka ƙera ta. Wani injiniya, Henri Rubin, ya yi ta a Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1950 saboda mahaƙan zinariya, daga baya aka sa ta a gidajen garin Stilfontein. Dalziel ɗin nan da ya auna hannun mutane shi ma ya ƙera tasa a 1961. Abu ya haura shekara sittin a duniya, kuɗinsa bai kai na wayar hannun da ke aljihun yawancin masu karanta wannan shafi ba, amma a ce mana alatu ne? Mai gidan haya ya sa tayil, ya sa silin mai ado, ya sa ƙofar ƙarfe 'yar Turkiyya, sai a kan abin da zai hana ɗan haya mutuwa a banɗaki talauci ya tuna da shi?

Ba na cewa tsafi ce. Ba ta hana ka ji jan, rage masa tsawo take yi. Ba ta ceton wanda ya kama wayoyin biyu a lokaci guda yana tsaye a busasshen wuri, domin a wajenta ba a sami giɓi ba. Akwai jabunta a kasuwa, kamar yadda ake da jabun caja da jabun waya mai siririn jan ƙarfe. Kuma a gidan da wayarinsa ya lalace za ta riƙa faɗuwa, sai a ce ta cika fitina, a kira yaro ya tsallake ta. Alhali faɗuwar nan ita ce ke gaya maka wuta na zuba a wani wuri a cikin bangonka. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi lokaci-lokaci, idan ba ta yanke ba to ado ce kawai. Da marubucin ya kashe tawadarsa a kan jabun kaya, ko ya tambayi dalilin da ya sa muke da hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba wayarin da ba masu yin sa shaidar ƙwarewa, amma yawancin gidajen unguwanninmu ba wanda ya taɓa duba su, da ni ne na farkon tafa masa.

A kan ajali ba ni da ja. Babu mai wuce lokacinsa. Amma addinin da ya koya mana haka shi ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a dogara, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Malam da kansa yana kulle ƙofarsa da dare, yana duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi. Me ya sa sai a gaban soket ne tawakkali ke zama barin sababi? Kuma idan mutum ya zaɓi ya yi sakaci da ransa, wa ya ba shi izinin yin sakaci da na ɗan shekara uku da ke rarrafe kusa da tsirarar waya?

Matsayina a fili yake. Duk jan da wutar gida ta yi wa mutum, komai gajartarsa, shaida ce cewa akwai ɓaraka, kuma ɓarakar na nan tana jiran na gaba. A zare abin daga soket a daina amfani da shi har sai wanda ya san aiki ya duba. Kada a taɓa ruwan da hita ke ciki sai an zare filogi, kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin a gidaje da yawa an juya wayoyin, makunnin ba ya yanke mai wutar. Kada a yi gyara sai an sauke bireka an kashe janareto da inbata.

Na bar maganar madara zuwa ƙarshe domin ita ce ta fi damuna. Sauran maganganun ra'ayi ne da za a iya muhawara a kai, wannan kuwa umarni ne da wani zai bi a lokacin da rai ke hannun Allah. Madara ba ta zuƙe wuta, domin babu wutar da ke zama a jiki bayan an rabu da waya. Ga wanda ya farfaɗo garau, ba ta ƙara ba ta rage. Ga wanda ya suma kuwa, ɗura masa madara ko ruwa na iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi, kuma mintunan da aka ɓata ana neman mai shayi su ne mintunan da ake ceton rai a cikinsu. Abin yi na farko shi ne kada kowa ya kama shi da hannu yana manne da wuta, in ba haka ba gawa ta zama biyu. A kashe daga mita ko bireka, ko a zare filogi. Idan ba hali, a tsaya a busasshen wuri a ture wayar da busasshen katako ko roba. Idan babbar waya ce ta faɗo, sanda ba ta aiki, a ja baya kamar mita 10 a hana kowa matsawa, domin ƙasar wurin kanta tana ɗauke da wuta, kuma tana iya shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Shi ya sa shanu suka fi mutane saurin faɗuwa a irin wannan wuri, tazarar ƙafafunsu ta fi yawa. Bayan an raba shi da wutar, idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota ko ya kira 112.

Ban ce duk wanda firji ya ciza ya kama hanyar asibiti ba, na san abin da kati da gwaji ke ci. Amma akwai waɗanda zamansu a gida ganganci ne: wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, wanda ke jin ciwon ƙirji ko bugun zuciyarsa ya rikice ko numfashi na yi masa wuya, wanda wani sashen jikinsa ya mutu ko ya kasa ɗaga kafaɗa, mai ciwon zuciya tun da, da duk wanda babbar waya ta taɓa. Haka mai ƙuna, ko da tabon bai fi ƙwayar gero ba, domin wuta ta ciki take ci, naman da ya lalace kuma yana iya taɓa ƙoda, alamarsa fitsari ya yi duhu. Mace mai ciki ta je a duba abin da ke cikinta ko da ita ba ta jin komai. Yaron da ya ciji waya ya ƙone a gefen baki a kai shi, a kuma sa masa ido, domin bayan kwanaki idan ɓawon ya faɗi wurin na iya ɓallewa da jini. Gwajin zuciya na 'yan mintuna ne, kuma shi ne ke raba wanda zai koma gida da wanda za a kwantar.

Marubucin yana da masu karatu da yawa, cikinsu akwai iyaye mata da masu shago da yaran da ke koyon wayarin. Ina roƙonsa, a shafin da ya rubuta a ba da madara, ya koma ya rubuta cewa a danna ƙirji.